Tsohon Soja da Tsohon Doki: Wa Ke Yanke Ranar Ƙarshe?

 Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda 'yan uwa da ke cewa data ba ta isar su sauraron murya. Yadda na faɗa haka aka rubuta, sai ɗan gyara nan da can don ya karantu.

Maganar yau tana da ɗan nauyi. In kana cin abinci, gama tukuna.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Zazzau ranar hawan Sallah ko hawan Daushe ya san abin da ido ke gani. Dawakai sun sha ado, ga algaita, ga kakaki, ga ƙarar bindiga, kowa ya ɗaga waya sama. Kafin magariba hotuna sun cika Facebook da TikTok. To amma doki yana tsufa. In ya samu kulawa yana kai shekara 25 zuwa 30, kuma shekarun nan na ƙarshe ba ya hawuwa. Ina tsofaffin suke zuwa? Wannan hoton ban taɓa ganin wani ya ɗora ba.

Amsar da yawancinmu muka sani muke kau da kai ita ce, sayarwa ake yi. Dillali ya zo ya duba baki, ya taya, a loda a babbar mota a yi kudu da shi. Akwai kasuwanni a kudu maso gabas, irin su Obollo-Afor a jihar Enugu, inda ake yanka doki a sayar da nama. Ba zagin kowa nake ba. Su abincinsu ne, shi kuma mai dokin sau da yawa buhun geron da iyali za su ci ma da ƙyar yake samu, balle na dabbar da ta daina aiki. Sai dai ku yi tunanin tafiyar. Dabbar da ƙafarta ke rawa a turke, a tsayar da ita cikin cunkoso a bayan mota, a rana, daga nan har can.

Ku riƙe wannan a gefe. Abu na biyu shi ne, Zariya garin soja ne. Daffon sojojin Najeriya, inda ake mayar da farar hula kurtu, yana nan tun 1924. Makarantar soja ta yara tana nan tun 1954. Barikin da Daffo yake ciki ana kiransa Chindit, sunan rundunar da ta yi yaƙi a dajin Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, wadda bataliyoyin Najeriya suka kasance cikinta a 1944. Saboda haka a cikin birni, daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan, da wuya ka shiga unguwa ba ka samu 'yan mazan jiya zaune a dakali ba. Wasu yaƙin basasa suka yi, wasu Laberiya da Saliyo, na baya-bayan nan kuma Borno da Yobe. Kuma wasunsu, da suka dawo gida, doki suka ɗaura.

Abin da nake so mu tattauna shi ne me ke faruwa idan waɗannan biyun suka haɗu: mutumin da ya ga mutuwa da idonsa har ya gaji, da dabbar da yake ƙauna wadda kwananta ya ƙare amma ranta ya ƙi fita. Mutane na ɗauka soja zuciyarsa ta bushe, zai ce a gama da shi kawai a wuce wurin. Abin da na gani a gidan kawuna ya fi haka sarƙaƙiya.

Kawun nawa yayan mahaifiyata ne. Ba zan faɗi sunansa ba, a unguwa Saja kowa ke ce masa, don da wannan muƙamin ya yi ritaya. Ya je Laberiya cikin rundunar ECOMOG, wadda ta fara sauka Monrobiya a watan Agustan 1990, daga baya kuma ya je Saliyo. Da kuɗin sallamarsa suka fito, kafin ya gyara rufin ɗakinsa sai da ya sayi doki. Goggo har yau ba ta yafe wannan ba. Akawal ne, baƙi wuluk, kuma ko a lokacin ba yaro ba ne. Kun san mu ba ma cika raɗa wa doki suna ba, launinsa shi ne sunansa: Kili, Bidi, Danda, Hurde. Shi wannan Akawal kawai.

Yadda Kawu ya riƙe dokin nan, bariki ne sak. Asuba ta fari an share turke. An goge jiki, an duba kofato ɗaya bayan ɗaya. Lokacin dusa daban, lokacin harawa daban, ranar kanwa daban. La'asar a fita kilisa ta bayan ganuwa. Shekara goma sha ana haka, duk Sallah yana bin tawagar hakiminsu.

Sai tsufa ya zo, ta baki ya fara. Haƙoran doki ba kamar namu ba ne. Suna ta turowa a hankali yayin da tauna ke cinye su, har a kai lokacin da babu sauran abin da zai turo. Daga nan doki zai ɗauki harawa ya yi ta juyawa a baki, sai ka ga ya zubo da ita dunƙule-dunƙule a ƙasa. Yana ci a ido, amma ba abin da ke shiga. Akawal ya fara ramewa, haƙarƙari ya fito, bayansa ya lotsa. Kawu ya koma jiƙa masa dusa da niƙaƙƙen gero kamar kunu. Ya ɗan farfaɗo. Sai gaɓoɓin ƙafar baya suka kumbura suka sandare.

Da sanyin hunturu ya shigo, wata asuba aka tashi aka same shi kwance ya kasa tashi. Sai da samari shida suka zo da igiya da buhu aka zura ta ƙarƙashin ciki aka ɗaga shi. Bayan kwana tara ya sake. Bayan kwana huɗu ya sake. Kawu yana rubuta ranakun a bayan wata tsohuwar kalanda, ni da idona na gani.

Labari ya zaga, dillali ya yi sallama. Ya yi tayi mai ɗan kauri, har ya ce shi zai kawo masu ɗauka. Mutanen gida suka ga wannan ai sauƙi ne daga Allah: an huta da wahala, ga kuɗin da za a ƙara a sayi ɗan doki. Babban ɗan Kawu ya ce, "Baba, kowa fa haka yake yi." Kawu ya dubi dillalin ya ce, "Malam, na gode, Allah Ya ba da kasuwa. Wannan ba ya hawa mota." Aka yi shiru. Da mutumin ya tafi sai ya ce da mu, shi abin da aka fara dasa masa a kai a Daffo kafin ma ya iya riƙe bindiga shi ne ba a barin na baya. Wanda ya ɗauke ka shekara da shekaru, ba ka miƙa shi ga baƙo ranar da ya gaza.

To a nan kowa ya ɗauka shi ke nan, za a ci gaba da jinya har Allah Ya ɗauki ransa. Sai Kawu ya ce a'a. Shi so yake a hutar da dokin, a nan gida Zariya, yana tsaye a kansa.

Gidan ya rikice. Goggo da ta shekara tana mitar kuɗin gero ita ta fi kowa tada hankali. Ta ce wannan alhaki ne, ta ce halin soja ne ya motsa, su ba su ɗauki rai a bakin komai ba. Wannan maganar ta soke shi, na ga fuskarsa. Bai ce komai ba ya fita zaure.

Daren ranar na same shi a zauren. Kawu ba ya ba da labarin yaƙi. Tun muna yara in muka tambaya sai ya ce an je an dawo, alhamdu lillahi. Amma ranar ya ɗan buɗe. Ya ce min, "Kai yaro, ka taɓa zama da wanda ke mutuwa a hankali?" Ya ce wani dare a Laberiya harsashi ya samu wani abokinsa a ciki. Hanya a rufe, ba motar da za ta iya zuwa sai gari ya waye. Shi ya riƙe kansa a cinya tun bayan isha'i. Mutumin yana kiran uwarsa, yana roƙon ruwa, yana roƙon abin da ba za a iya yi masa ba. Kafin asuba ya cika. Kawu ya ce, "Ɗan Adam ba a taɓa ransa. Naka shi ne ka zauna, ka yi masa kalmar shahada, ka jure. Na jure. Amma wannan dabba ce, amanarta a hannuna take. In akwai ƙofar da aka halatta min in rage mata irin wancan daren, ni kuma in ƙi don kada a ce Saja mugu ne, to don kaina na ƙi, ba don ita ba."

Akwai wani abu da aikin soja ke koyarwa wanda mu farar hula ba mu saba da shi ba, wato rarrabe masu rauni. Tun zamanin Napoleon likitocin sojan Faransa suka fara duba rauni gwargwadon tsananinsa, ba gwargwadon muƙamin mai shi ba. Daga baya abin ya zama ƙa'ida: ga waɗanda za su rayu ko an ɗan jinkirta, ga waɗanda in an yi sauri za a cece su, ga waɗanda ko me aka yi ba za su tashi ba. Duk sojan da ya je fagen daga ya ga ana wannan lissafin a gabansa. Yana koya maka ka kalli abu yadda yake, ba yadda kake fata ba. Mu a gida in dabba ta kwanta cewa muke bari mu ga gobe. Gobe ta zo mu ce bari mu ga jibi. Muna jin kamar ba mu yanke komai ba, hannunmu a wanke. Shi soja a wurinsa jiran ma hukunci ne, kuma akwai wanda ke biyan kuɗinsa.

Kada ku ɗauka duk soja haka yake gani. A layin bayansu akwai wani dattijo da ake kira Baba Kofur. Shi yaƙin basasa ya yi, 1967 zuwa 1970, lokacin da aka yi ta kwasar samari ana ba su horo na ɗan lokaci ana tura su, har rundunar da ba ta wuce mutum 10,000 ba kafin yaƙin ta kai kusan 250,000. A muƙami Kawu ya fi shi, amma in Baba Kofur ya shigo zaure Kawu miƙewa yake. Wannan bawan Allah tun da ya tuɓe kaki bai sake zubar da jinin komai ba. Ragon layyarsa ma wani yake wakiltawa, shi ya shige ɗaki har a gama.

Da ya ji labari sai ya dogaro sandarsa ya zo. Ina wurin. Ya ce, "Saja, na ji abin da kake shiri. Ni da kai mun ɗauki abin da ya ishe mu. Wanda Ya busa masa rai bai manta da shi ba. Ka bar Shi da abinSa."

Kawu ya ce, "Baba, ban ƙi taka ba. Amma jiya da dare ka ji shi?"

Ya ce, "Na ji."

"To ni a gefensa na kwana."

Baba Kofur ya ce, "Mu ma a can haka muke cewa, gara a gama. Kowane ɗaya da hujjarsa. Yau shekara hamsin da wani abu, hujjojin duk sun gudu sun bar ni da fuskokin."

Wallahi jama'a ban taɓa jin zaure ya yi shiru irin na ranar ba. Mutum biyu, makaranta ɗaya suka yi, darasi ɗaya aka ba su, kowa da abin da ya fito da shi. Ɗaya ya ga abin da jinkiri ke yi wa mai shan wahala. Ɗaya ya ga yadda hannu ke sabawa da ɗaukar rai in aka ba shi dalili mai daɗin ji. Ni dai ba zan iya ce wa ɗayansu bai san abin da yake faɗa ba. Kuma ku lura, a kan dillali bakinsu ɗaya. Da aka gaya wa Baba Kofur an zo taya dokin, tsaki ya ja.

Wannan ya sa na je na ɗan yi bincike a kan yadda rundunonin duniya suka yi da dabbobinsu, sai na ga abin ya daɗe yana ci wa sojoji tuwo a ƙwarya. Ita hukumar soja a takarda dabba kayan aiki ce. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, Ostareliya ta tura dawakai kusan 136,000, guda ɗaya tak ya koma gida. Ingila ta sayar da dubban dawakanta a Masar da aka gama yaƙin maimakon ta kwashe su. A 1930 wata Baturiya mai suna Dorothy Brooke, matar wani babban hafsan sojan doki, ta isa Alƙahira ta tarar da su sun tsufa suna jan amalanke, ƙashi da fata. Ta nemi taimako ta jarida a Ingila, ta saye kusan 5,000, kuma yawancinsu sun riga sun lalace ta yadda hutar da su kawai aka iya yi. A 1934 ta buɗe asibitin dabbobi a can. Ita rundunar Chindit da barikinmu ya ci sunanta, alfadaranta sai da aka yi musu aiki a maƙogwaro don kada su yi kuka abokan gaba su ji. Amurka ta yi amfani da karnuka kusan 4,000 a yaƙin Biyetnam, waɗanda suka fito daga ƙasar ba su wuce 200 da wani abu ba. Sojojin da suka riƙe karnukan nan sun shekara suna ƙorafi, sai a shekarar 2000 aka yi dokar da ta ba da damar a ba wa mutane karnukan soja da suka tsufa su riƙe. Wato shi sojan da ya kwana rami ɗaya da dabba, abin da ya fi ci masa rai ba mutuwarta ba ne, barinta a hannun da bai sani ba ne.

Mu dawo gida. Kawu bai yi gaban kansa ba, ya bi matakai kamar mai neman oda daga sama. Da farko wurin malaminsu ya je, ɗaya daga cikin malaman zaure na cikin birni, ni na kai shi a babur. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ga halin da ake ciki." Malam ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce mas'alar ba sabuwa ba ce, tana cikin littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukan nan, har da Mukhtasar na Shaihu Khalil. Dabbar da ba a cin namanta, kamar jaki ko alfadari, in an yanke ƙauna daga rayuwarta, ya halatta a yanka ta don a hutar da ita, kuma doki a mashhurin mazhabarmu ba a cin sa. Ya ce akwai malaman da suka hana, musamman a ɓangaren Shafi'iyya, saboda haka wanda ya zaɓi ya yi jinya har ƙarshe bai yi laifi ba, muddin bai bar ta da yunwa da ƙishirwa ba. Ya tuna mana cewa addini ya yi umarni da kyautatawa ko a wajen yanka, a wasa wuƙa, kada a wahalar. Sannan ya ce abin da ya fi tsaya min: sharaɗin shi ne a yanke ƙauna, kuma gajiyar mai dabba ba ita ce yanke ƙauna ba. Ya ce a nemo wanda ya san jikin doki ya faɗi gaskiya.

Nan muka yi sa'a mu mutanen Zariya, don Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru tana da tsangayar likitancin dabbobi da asibitinta na koyarwa, ga likitoci masu zaman kansu da suka fito daga can. Kawu ya kira wani likita ya zo har gida. Ya duba baki, ya duba gaɓoɓi, ya ga gyambon da ya fara fitowa a ƙugu da gefen ido saboda gogar ƙasa. Ya yi mana bayanin da ban taɓa sani ba. Doki yawancin hutunsa a tsaye yake yi, kwanciyarsa ta ɗan lokaci ce. In ya daɗe a kwance nauyinsa na danne naman jikinsa da jijiyoyi, huhun da ke ƙasa ya kasa buɗewa sosai, hanji ya tsaya. Kuma dabba ce da Allah Ya halitta da gudu in ta ji tsoro, saboda haka dokin da ya kasa tashi a firgice yake, zai yi ta bugun ƙasa da kai da ƙafa har ya ji wa kansa ciwo. Likitan ya ce zai iya ba da maganin rage zafi a samu 'yan makonni, amma haƙori ba ya dawowa, gaɓa ba ta dawowa, kuma akwai ranar da mutum goma ma ba za su ɗaga shi ba.

Sai Kawu ya yi tambayar da ba wanda ya yi tunaninta a cikinmu. Ya ce, "Likita, in ya mutu a turken nan, ta ina za mu fitar da shi?"

Wanda bai san cikin birnin Zariya ba ba zai gane nauyin tambayar ba. Gidan ƙasa ne na gado. Daga turke sai ka bi ta soro biyu, kowanne da ƙaramar ƙofa a karkace, sannan ka faɗa lungun da ko a-daidaita-sahu ba ta shiga. Doki mai rai yana sunkuyar da kai ya wuce. Gawar da ta haura kilo 300 ba ta lanƙwasa. Ko dai a fasa katanga, ko a daddatsa shi a cikin gida a gaban yara a fitar a baro. Kawu ya ce, "Da ƙafarsa ya shigo gidan nan, da ƙafarsa zai fita." Wannan lissafin soja ne tsantsa: ina hanyar fita, kuma yaushe za ta rufe. A nan ne Goggo ta yi shiru.

Ya sa rana, kwana uku gaba. Ya sa aka haƙa rami mai zurfi a gonarsa ta bayan ganuwa. Likita ya ba da maganin zafi na kwanakin. Cikin kwana ukun nan Akawal ya ci gata, har rake Kawu ya sa aka fere masa aka daddaka.

Wuri ɗaya ne ban bi bayan Kawu ba. Akwai jikansa ɗan shekara 12 wanda shi ke share turke yana ɗebo ruwa, dokin nan ya fi sanin muryarsa a kan ta kowa. Kawu ya ce dole yaron ya je ya tsaya a yi a gabansa, wai namiji ba ya gudun ƙarshen abin da ya fara. Uwar yaron ta ce sam. A ganina ita ke da gaskiya. Abin da ya yi wa mutum mai shekara sittin da wani abu magani ba lallai ya yi wa yaro ba, kuma gida ba filin fareti ba ne. Wannan shi ne gefen horon soja da ke da kaifi: in ya ga hanya ta fito masa sarai, sai ya manta sauran mutane ba su taka inda ya taka ba. A ƙarshe aka tsaya a tsakiya. Ba a yi wa yaron ƙaryar an kai doki ƙauye ba, an gaya masa gaskiya. Shi ya yi masa wankan ƙarshe, shi ya ja ragama har bakin ƙofar gari, daga nan aka juyo da shi gida.

Bayan sallar asuba aka fita, kafin gari ya cika. Tafiyar da a da minti ashirin ce ta ɗauke mu fiye da awa, ana yi ana tsayawa. Muna fitowa lungu sai ga Baba Kofur a tsaye da sandarsa. Bai ce ya canja ra'ayi ba, kuma na tabbata bai canja ba. Cewa ya yi, "Saja, ba ka tafiya kai kaɗai." Ya bi mu har gona. Da likita ya fito da kayansa sai ya koma gindin wata ɗorawa ya ba mu baya yana jan carbi.

Wasu za su tambaya, ba bindiga aka sa ba? A'a. Soja in ya yi ritaya ya miƙa bindigar gwamnati, kuma ko da akwai, Kawu ya ce ba zai so ƙarar ta zama abin da dokin zai ji na ƙarshe ba. Likita ya fara yi masa allurar da ta sa jikinsa ya saki, kansa ya yi ƙasa, sannan ya ba shi ta biyun. Kawu na riƙe da kan yana yi masa magana ƙasa-ƙasa har aka gama. Bai yi kuka ba. Ya kwance ragamar ya naɗe, ya karɓi shebur. Kwana biyu bai fito dakali ba, kuma Baba Kofur ne kaɗai ke shiga wurinsa.

Na san yawancin masu bin shafin nan ba doki gare ku ba. Wani kyanwa ce ta tsufa a gidansu, wani karen gadi ko na farauta, wani jakin kakansa a ƙauye. Abin da na fi gani shi ne a ɗauki tsohuwar kyanwa a buhu a kai bayan gari a yar, ko a kwance kare a kore shi da jifa, a ce ai ba mu kashe ba. In taku ta kai wannan matakin, ku fara kai ta wurin likitan dabbobi, don sau da yawa abin da muke kira tsufa ciwo ne mai magani, tsutsar ciki ko ruɓaɓɓen haƙori. Ku tambaye shi kai tsaye: tana jin zafi? Za ta warke? Ku riƙa lura ko tana ci, ko tana iya tashi da kanta, ko tana kwana cikin ƙazantarta. Ku rubuta ranakun, don ido yana sabawa da abin da yake gani kullum. Ku je wa malaminku da bayanin likitan a hannu. Don Allah kada wanda ya sa wa dabba shinkafar ɓera ko fiya-fiya da sunan hutar da ita, wannan azaba ce ta awanni. In kuma allura likita ya yi, a binne da zurfi, don maganin yana zama a cikin naman, kare ko ungulun da ya ci zai iya mutuwa.

In akwai tsohon soja a gidanku, ko kai da kanka kana cikin kaki kana karanta wannan daga bakin aiki, ina so in ji ta bakinku a ƙasa: na Saja kuka fi fahimta ko na Baba Kofur? Kanawa kuma da ke shigowa kuna cewa dawakanku sun fi namu, na gan ku, za mu haɗu bayan Sallah. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.